Mai Gwajin Tagogi na Gaya

Shekarun baya, kafin gwiwar nan ta fara ba ni umarni, na taɓa riƙe muƙami na ƙasa da ƙasa ina zaune a ɗakina a Gaya. Na san wasunku masu bibiyata a shafin nan sun fara murmushi, don kun san iyakar bokona. Firamare na gama. Sauran a bakin tafireta na tsince shi, a sakatariyar ƙaramar hukuma, inda na yi ta buga takardun da ban san rabin abin da suke faɗa ba har na yi ritaya. Duk da haka na riƙe muƙamin, kuma babu kwamitin da ya taɓa zama a kaina. Ku gyara zama.

Ɗana na fari ne ya ɗauke ni aikin. Dole in tsaya in yi wa yaran yanzu bayani, don ina ganin yadda kuke ɗaga 'ya'yanku na fari sama kuna hoto, har da rubuta sunansu duniya ta karanta. Mu a gidanmu ɗan fari kunyarsa ake ji. Ba ka kama sunansa, ba ka zaman hira da shi, in an yabe shi a gabanka sai ka kau da kai ka shiga gyaran hula. Ana yaye shi mahaifiyata ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma. Ita ke ce masa maigida, ita ke tsokanarsa yana ramawa. In ina da magana da shi ta bakinta take bi, in yana da magana da ni ta bakinta take dawowa. A haka ya yi gemu, ya gama jami'a, ya sami aiki a wata ƙasa mai sanyi. Zuwan wayar hannu bai canza komai ba. Ya kira, ya ce Baba ina wuni, ya jiki, in ce lafiya lau, in miƙa wa tsohuwa wayar, in koma gefe ina gyaran rediyon da babu abin da ya same shi, ina jin dariyarsu.

Uwarsa ta daɗe da rasuwa. Ƙannensa mata duk suna ɗakunansu, wata a Ajingi, wata a Kano. Mutane sun yi ta yi min tallan zawarawa, na ce sai na yi shawara, har yau shawarar nake yi. Saboda haka gidan ni ne da mahaifiyata, abinci kuma daga sashen ƙanena ake miƙowa.

Sai Allah ya yi wa mahaifiyar tawa rasuwa a farkon wata damina. Ɗan nawa ya zo ta'aziyya. Muka zauna a tabarma ɗaya a ƙofar gida, mutane na cewa Allah ya jiƙanta, muna amsa amin tare. Wannan amin ɗin ita ce hirar da ta fi kowace tsawo tsakaninmu tun da aka haife shi. Da jama'a suka watse, gidan ya rage mu biyu. In na fito tsakar gida sai ya tuna yana da abin yi a ɗaki, in ya fito sai in tuna ban duba akuya ba. Ba faɗa muke ba. Wadda ke ɗaukar maganarmu ce babu.

Ana gobe zai koma, na ji ƙwaramniya a tsohon ɗakinsa. Na leƙa, na same shi ya zaro kwamfutar da ya yi karatu da ita, irin mai ƙaton ƙeya, yana hure mata ƙura. Ya tsuguna, idonsa a ƙasa, ya ce, "Baba, akwai ɗan aikin da za ka taimaka min da shi, in ba damuwa."

Na dubi bango na ce, "Ina ji."

Ga yadda na fahimci bayaninsa, masu ilimi ku yi haƙuri. Duk manhajar da ka buɗe a kwamfuta, ai taga ce ke fitowa, da madannai, da wurin rubutu, da ɗan gicciyen nan na kusurwa da ake rufe ta da shi. To ashe masu ƙera manhaja ba kowa ke sassaƙa tagarsa ba. Kamar magina ne a garin nan: ba wanda ke ƙera ƙofa da hannunsa, wurin mai walda ake zuwa a ɗauko. Akwai wasu mutane a warwatse a duniya da suka haɗu suna ƙera waɗannan tagogi da madannai, kowa ya ɗauka kyauta. Shi ɗana ba ya cikin maƙeran. Nasa aikin riƙo ne. In sun fitar da sabo, shi ke ɗaukowa, ya daidaita shi da irin tsarin da kwamfutocin jama'arsu ke tafiya a kai, ya ɗaure shi ƙunshi guda, ya ajiye a rumbun da kowa ke saukewa. In ya yi sakaci, wani a wata ƙasa zai tashi da safe ya ga tagoginsa sun karkace, ya kwana yana zagin wanda bai sani ba.

Na ce, har yanzu ina kallon bango, "Wannan shi ne aikin da ya kai mutum ƙasar sanyi?"

Ya ce a'a, wannan na sa-kai ne, ƙarshen mako yake yi. Matsalar ita ce akwai makarantu da ƙananan ofisoshi da ke fama da tsofaffin kwamfutoci, kuma dole a gwada kowane sabon ƙunshi a kan tsohuwa ta gaske kafin a sake shi. A can inda yake duk an zubar da irinsu. Wannan ta ɗakin ita ce ta rage masa.

Ya sa aka ƙara falle ɗaya na sola a kan rufi, ya nuna min yadda zan haɗa ta da datar wayata, ya ajiye min alama ɗaya a kan allon, ya ce ita kaɗai zan danna in ya kira. Washegari ya tafi. Na tsaya a zaure ina jin ƙarar mashin ɗin da ya ɗauke shi har ta ɓace.

Ranar Asabar bayan la'asar waya ta yi ƙara. "Baba, a kunna." Na kunna. Ta yi gurnani kamar tsohon injin niƙa, ta waye. Na danna alamar, wata sanda ta fito tana cika a hankali. Da ta cika, ya ce in buɗe taga kaza, in danna madanni kaza, in faɗi abin da na gani. Ni kuwa na ba da rahoto yadda aka koya mana a gwamnati, dalla-dalla, ba ragi.

Abokina, wanda kuma taubashina ne, a Toranke yake zaune, duk ranar kasuwa sai ya biyo ya sha min shayi. Da ya ga na rufe kwamfutar da sabon zani, ya ce, "Kai kuma amarya ka yi ba ka gaya mana ba?"

Na ce, "Ofis ne. Cire takalminka."

"Ofishin me?"

"Gwajin tagogi. Turawa ba sa sakin kaya sai na sa hannu."

Ya yi dariya har ya ƙware. "Kai da ko tagar ɗakinka ba ta rufuwa sai da dutse! Allah ya jiƙan Turawa."

Ban kula shi ba. Jahili ba a biye masa.

Aikin yana da wuyarsa, kada ku raina. Wata Asabar sabon ƙunshi ya sauka, na buɗe taga, ta fito tsaf, amma gicciyen rufewa babu shi. Na ce, "Taga ta zo, sakatarta ta tafi yawo." Ya ce in danna na gefe. Na ce, "Na danna. Ya yi kamar bai ji ba, irin ma'aikacin sakatariya ranar Juma'a." Sai na ji wani sauti a wayar. Na ɗauka sabis ne ke yankewa. Ashe dariya ce. Na san dariyar, na sha jin ta daga ɗakin mahaifiyata, amma ban taɓa zama sanadinta ba. Na yi gyaran murya na ce a koma kan aiki. Muka yi ta fama har aka kira magariba. Ya gano cewa maƙeran sun canza wani abu da tsofaffin kwamfutoci ba sa ganewa, ya yi masa faci, ya sake ɗaurewa, mako na gaba sakata ta dawo gida.

Sai dai gaskiyar magana, ba tagogin nake jira ba. Sandar nan nake jira. Sabis a unguwarmu ba shi da alƙawari, wani lokaci sandar sai ta kai rabi ta tsaya tana hutawa. Ba a kashe waya, don ba a san sa'ad da za ta motsa ba. To mutum biyu a kan layi, shiru ya yi yawa, dole wani ya yi tari. Shi ya fara. "An yi ruwa a Kademi?" Can gonarmu ta gado take. Na ce an yi, gero har ya fara bununi. Wata Asabar ya ce, "Gwiwar fa?" Na ce tana nan tana mulkinta. Ni ma na koyi dabarar. Ina kallon sandar, ba shi nake yi wa magana ba, sai in ce, "Ko sanyin can yana barin mutane su fita masallaci?" Ya amsa wa sandar shi ma. Jama'a na zagin kamfanin waya saboda rashin sabis, ni kuwa ina yi musu fatan alheri a zuciyata.

Wata rana sandar ta tsaya cak ta daɗe. Ya ce, "Baba, ana buɗe ɗakin Inna?" Haka muke ce wa mahaifiyata, ni da shi duka.

Na ce, "Ana sharewa."

Ya ce, "Na yi mafarkinta. Tana min faɗa wai na rame."

Na ce, "Sandar ta motsa." Ba ta motsa ba sai can, amma bai ƙaryata ni ba.

Muka ci damina biyu a haka. Asabar ta zama ranar da nake wanka da wuri, in sa hula mai kyau, ko da yake ba ganina yake ba. Ma'aikaci ai da shigarsa.

Sai wata Asabar, bayan mun gama gwaji komai ya tafi daidai, ya ce, "Baba, wannan shi ne na ƙarshe." Ya yi bayani a hankali. Maƙeran sun fitar da sabon zubi gaba ɗaya, wanda ba ya hawa tsofaffin kwamfutoci. Tsohon zubin sun daina kula da shi. Jama'arsu sun yi shawara, sun ce ƙunshinsa za a sa shi cikin waɗanda ba su da mai riƙo, in an jima a fitar da shi daga rumbu. Shi kuma an ba shi riƙon sabon, wanda gwajinsa ba ya buƙatar kowa a Gaya.

Na ce, "To madalla. Ci gaba ne."

Ya ce, "An gode da ƙoƙari, Baba."

Na ce, "Ba komai."

Ritayata ta farko har da walima da lemo. Wannan ta biyun, ina ajiye waya na ji akuya tana tauna leda a tsakar gida.

Asabar ta zagayo, na yi wanka, na sa hular, don jiki bai sami sanarwa ba. Na kunna kwamfutar, na danna alamar. Sanda ba ta fito ba. Wani ɗan rubutu ne ya fito, wanda ko da bokona na gane shi: babu sabon abu. Na zauna ina jin fankarta na juyi har hasken ƙofa ya ja baya.

Ba wai ya daina kira ba, kada ku ɗauki alhakinsa. Yana kira. Baba ina wuni, ya jiki, ya mutanen gida. Lafiya lau. Daga nan sai mu tsaya. A wannan gaɓar ce a da nake miƙa wayar. Yanzu sai in dubi ƙofar ɗakinta a rufe, in ce to a gaida mutanen can, ya ce za su ji.

Abokina ya zo ranar kasuwa, ya dube ni sama da ƙasa. "Ranka ya daɗe Darakta, yau ba a cire takalmi?"

Na ce, "An rufe ofis."

Ya sha shayinsa, ya ga ban rama ba, sai ya ajiye kofin. "To ka kira yaron mana."

"In ce masa me?"

"Ka ce kana kewarsa."

Na ce, "A'uzu billahi. A gidanku haka ake yi?"

"A gidanmu ba ma zama mu bushe kamar kuɓewa a rana saboda kunyar wanda muka haifa. Ko ka zuba wa injin ruwa, ka ce ya lalace, ku sami abin magana."

Na ce ni ma'aikaci ne mai amana, ba na ɓarnar kayan aiki. Ya ce amanar ta dafa min tuwo. Da zai tafi ya tsaya a zaure yana neman takalminsa, ya ce ba tare da ya juyo ba, "Wallahi ka rame." Na ce ya gaida Toranke.

Na yi ta juya maganarsa har aka fara girbi. Ranar da na dawo daga Kademi, an ɗaure dammunan farko, na zauna a bakin rijiya na zaro waya. Ban taɓa kiransa da kaina ba, ko sau ɗaya, kullum shi ke kira. Na danna. Bugu ɗaya ya ɗauka.

"Baba! Lafiya? Wa ya rasu?"

Na ce, "Babu wanda ya rasu."

"Jikin ne?"

"Jiki lafiya. Dama... an fara yankan gero ne."

Ina jin numfashinsa yana sauka. Ya ce, "Masha Allah."

Na ce, "To shi ke nan." Na kashe. Na zauna ina jin haushin kaina. Tsoho da furfurarsa ya tayar wa mutum hankali a wata ƙasa don ya ba shi labarin gero.

Asabar ta wuce, wata Asabar ɗin ma ta wuce. Na daina sa hular. Ana cikin sussuka, ranar wata Asabar ina kishingiɗe bayan la'asar, waya ta yi ƙara.

"Baba, kwamfutar na kusa?"

Na ce, "Ina za ta je?"

"A kunna. Akwai sabo."

Na tashi har gwiwa ta yi ƙara. Na yaye zanin, na kunna, na danna. Sanda ta fito. Na ce, "Ba an ce tsohon ba shi da mai riƙo ba?"

Ya ce, "An samu wanda ya karɓa. Sun fitar da shi daga babban rumbu, sai mutumin ya buɗe masa ɗan ƙarami a gefe. Shi zai riƙa yi masa faci da kansa."

Na ce, "Wane marar aikin yi ne wannan?"

Ya ce, "Wani ne dai."

"Mutum nawa ke amfani da abin?"

"Ba a bincika ba tukuna." Ya ƙara da cewa, "An dai ce akwai wani a Gaya."

Na zuba wa sandar ido. Ta kai rabi ta tsaya, Allah ya yi wa kamfanin waya albarka. Na cire tabarau na goge, don ƙura ta shiga. Na ce, "In kana ganinsa, ka ce wani tsoho ya ce Allah ya yi masa albarka. Ya ba shi masu yi masa."

Ya ce, "Amin. Zai ji." Sai ya ƙara da cewa, "Geron ya yi auki?"

Daga baya na fahimci nauyin abin da mutumin nan ya ɗauka. Tunda maƙeran sun saki tsohon zubin, duk abin da ya canza a kewayensa sai ya tsage wani wuri, kuma babu mai ɗinkewa sai shi, bayan aikin ofis, bayan riƙon sabon da aka ɗora masa. Wani makon sabon ƙunshin ban ga abin da ya bambanta shi da na jiya ba. Ban tambaya ba. Na buɗe tagogina, na danna madannaina, na ba da rahoto cikakke. Abokina ya koma cire takalmi, yana cewa wannan ofis ya fi gwamnati taurin rai.

Kwamfutar ta yi mana abin da za ta iya. Wata damina aka yi tsawa, da safe na kunna ta ƙi tashi, mai gyara a bakin kasuwa ya duba ya ce a yi mata addu'a. Na sanar da ɗan nawa a matsayin rahoto na ƙarshe. Asabar ta gaba, bayan la'asar, waya ta yi ƙara duk da haka. Ba mu da sanda, ba mu da taga. Muka yi maganar ruwa, muka yi ta gwiwa, magana ta ƙare, muka yi shiru, kuma babu wanda ya kashe. Har yau haka muke yi. Shirun ma mun iya shi yanzu, ba ya ciwo kamar da.

Abin da na koya ba shi da yawa, daidai bokona. Duk abin da kuke dannawa a wayoyinku yana buɗewa lafiya, ku sani akwai wani a wani ɗaki da ya hana kansa hutun mako yana riƙe da shi, ba ku san sunansa ba, ba ku taɓa ce masa sannu ba. Ranar da ya gaji ya saki, ranar za ku san yana nan. Kunyar ɗan fari kuwa, ban ce ku yi ba, ban ce ku bari ba. A cikinta aka haife ni, a cikinta zan tafi. Na dai san tana da tsada ga wanda gidansa ya yi shiru.

Asabar tana zuwa, tana wucewa da sauri. Sauran ranakun makon dogaye ne, shi ya sa kuke ganina a nan tun da hantsi ina tsokanarku. Kada wani ya ɗauka don kun iya hira ne.